Kafin ku ɗebo bayanan asibiti don bincike

'Yan uwa masu bincike a Jidda da Riyad, ku fara tambayar sashen kwamfuta ranar da asibitin ya sauya manhaja, domin lambobin cututtuka na iya sauyawa tare da ita. Ciwon suga a ICD-9, wato tsohon tsarin bai wa cututtuka lamba, lambarsa 250, a ICD-10 da ya gaje shi kuwa yana tsakanin E10 da E14. Wanda ya nemi tsohuwar lamba kaɗai zai ga kamar cutar ta ɓace daga shekarar sauyin.

Kwanan wata ma tarko ne. Tsofaffin fayiloli kan zo da Hijiriyya, wadda ta gaza Miladiyya da kusan kwana 11 a shekara, sai shekarun majinyaci su ƙaru. Ku mayar duka Miladiyya. Awon suga na mg/dL a raba da 18 ya koma mmol/L. Kwafin asali kuma a kulle shi, a yi gyara a kan wani kwafin.