Yadda ake tsara gidan da ke sanyaya kansa a Darwin, arewacin Ostireliya

Darwin na kan digiri 12 da ɗoriya kudu da layin Ikweta, Kano kuma na kan digiri 12 a arewa. Wanda ya ga haka zai ɗauka ginin da ya yi wa Kano daidai zai yi wa Darwin, amma ba haka abin yake ba. Katangar ƙasa mai kauri tana aiki ne a inda dare ke yin sanyi sosai: ta sha zafi da rana, ta amayar da shi da dare. A Darwin, wadda ke bakin teku, da damina zafi kan kai digiri 32 da rana, da dare kuma da ƙyar yake sauka ƙasa da 25, ga laima ta cika iska. Katanga mai nauyi ba ta samun lokacin hucewa. Dokar gini ta ƙasar ta raba Ostireliya zuwa shiyyoyin yanayi 8, Darwin na shiyya ta 1, kuma gidan da ya dace da ita shi ne marar nauyi, mai inuwa ko'ina, wanda iska ke ratsawa.

Fuskar gida da inuwa

A shimfiɗa gidan ya miƙe daga gabas zuwa yamma, dogayen bangwayensa su dubi arewa da kudu. Gajerun bangwayen nan biyu su ne za su sha ranar hantsi da ta la'asar, saboda haka a rage musu tagogi, a ajiye banɗaki, sito ko rumfar mota a can.

Littattafan gini na Sydney da Melbourne, biranen kudancin ƙasar masu sanyin hunturu, suna koyar da a buɗe gida ga arewa don ranar hunturu ta shigo ta ɗumama ɗaki. Kada a kwafo wannan. A Darwin babu watan da ake maraba da rana a cikin gida, kuma daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu rana kan koma kudu da tsaka. Kowane ɓangare na bukatar inuwa.

Ga lissafin. A watan Yuni, da tsakar rana, rana na tsaye a kan digiri 54 ta arewa. Bango mai tsayin mita 2.7 na bukatar leɓen rufi ya fito kusan mita 2 kafin inuwa ta rufe shi har ƙasa. Idan taga kaɗai ake son karewa, kuma gindinta na santimita 90 daga daɓe, mita 1.3 ya isa. Ta kudu, a Disamba, rana na kan digiri 79, rabin mita zai yi da tsaka, amma a ba shi mita ɗaya ko fiye saboda feshin ruwan sama, don a iya barin tagogi a buɗe ana tsaka da ruwa. Gabas da yamma leɓen rufi ba ya musu komai, domin rana ta gefe take shigowa. Can sai shinge na tsaye ko baranda mai zurfi.

Bishiya ma inuwa ce, amma a lura da iri. An shuka maɗacin Afirka da yawa a Darwin saboda saurin girmansa, sai dai a can saiwarsa ba ta nitsewa, kuma da guguwar Marcus ta zo a Maris 2018 ya faɗi da yawa a kan tituna da gidaje. A nisanta shi da rufi.

Hanyar iska

Da rani, daga Mayu zuwa Satumba, iska daga kudu maso gabas take zuwa. Da damina kuma ta juya, ta zo daga yamma da arewa maso yamma. Gida mai faɗin ɗaki ɗaya, da tagogi a bangwaye biyu masu kallon juna, yana kama dukansu. Da zarar an jera ɗakuna biyu baya da baya, ko an sa farfajiyar wucewa a tsakiya, iskar ta mutu.

Tagar luba, wato mai jerin siraran faifan gilashi ko katako da ake karkatawa, ta fi wadda ake turawa gefe nesa ba kusa ba: luba na buɗe kusan dukkan faɗinta, wadda ake turawa kuwa rabi kawai. A sauko da ita har daidai tsayin gado, domin iskar da ta wuce saman kan mutum ba ta amfane shi ba. Mafitar iska ta kai girman mashigarta ko ta fi. Ragar sauro dole ce, amma tana rage iska, musamman idan ƙura ta toshe ta, don haka a ƙara girman taga tun a zane.

Ɗaga gida a kan ginshiƙai tsohuwar dabara ce da aka sani a gidajen katako na jihar Queensland. A sama iska ta fi ƙarfi, ƙasan gidan ya zama rumfar zama da shanya, ruwan damina ya wuce abinsa. Wanda ke son ganin iyakar wannan tunani ya dubi gidan da mai zanen gini Glenn Murcutt ya zana wa mai zanen hoto Banduk Marika a garin Yirrkala, gabas da Darwin, wanda aka gama a 1994. Babu gilashi a tagoginsa ko ɗaya, bangwayen katako ne da ake ɗagewa su zama rumfa, a kan rufin kuma akwai bututun da ke zuƙe iska mai zafi. Murcutt ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 2002.

Daga Oktoba zuwa Disamba, kafin ruwa ya sauka sosai, akwai ranakun da ko ganye ba ya motsi. Fanka ce mafita: mai faɗin santimita 120 ko 140 a kowane ɗaki, har da baranda, a saitin gado ko wurin zama, ba lallai a tsakiyar ɗaki ba. Doka ta yarda da silin mai mita 2.4, amma a kai shi 2.7 don fukafukan su kasance aƙalla mita 2.1 daga daɓe kuma su sami sarari a sama.

Rufi

Yawancin zafi ta nan yake shigowa. Kwano mai launin fari-fari na shan kusan kashi 30 cikin ɗari na zafin rana, mai duhu ya haura kashi 70. Baƙin rufi da ake yayi a unguwannin kudancin ƙasar ba shi da gurbi a nan. A ƙarƙashin kwanon a shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli, ƙyallin ya dubi ƙasa, a bar masa sararin iska na santimita 2 zuwa 3. Idan ya manne da wani abu, ko ƙura ta rufe shi, aikinsa ya ƙare. Sai a sa bargon tare zafi, a bar kafofin da iska mai zafi za ta fita a ƙoli.

Gishirin teku na taruwa a ƙasan leɓen rufi inda ruwan sama ba ya wankewa, tsatsa daga nan take farawa. A wanke shi da tiyo kamar sau biyu a shekara. Darwin na samun ruwa kusan milimita 1,700 a shekara, mafi yawansa cikin 'yan watanni, shi ya sa gidaje da dama ba sa sa indararo, sai a zuba tsakuwa a inda ruwan ke zuba a gina masa magudana.

Ɗaure gida saboda guguwa

A daren Kirsimetin 1974 guguwar Tracy ta rushe mafi yawan gidajen Darwin. Bayanta aka shiga gina akwatunan bulo masu ƙananan tagogi, masu ƙarfi amma kamar tanda. Masu zanen gini na kamfanin Troppo, da suka fara aiki a garin a farkon shekarun 1980, sun nuna cewa gida marar nauyi ma zai tsaya idan an ɗaure shi.

Guguwa ba danne rufi take yi ba, ɗaga shi take yi. Don haka ɗaurin ya zama sarƙa ɗaya marar yankewa: kwano a kan sandunan rufi da sukurori masu faffaɗar washa, ba ƙusa ba, sanduna a kan rafta, rafta a kan bango da maɗaurin ƙarfe, bango zuwa harsashi da rodi mai zare da noti. Inda aka tsallake gaɓa ɗaya, nan gidan zai buɗe. A kusurwoyi da bakin rufi a matso da sukurori, can iska ta fi tsotsa. Taga ɗaya ko ƙofar gareji da ta fashe tana barin iska ta cika gida ta tura rufin daga ciki, don haka a sa musu garkuwar da aka gwada. Yawan rodi da tazararsa aikin injiniya ne, kuma leɓen rufin nan mai mita 2 sai ya sa masa hannu. A ƙarfafa ƙaramin ɗaki ɗaya, yawanci banɗaki, ya zama mafaka.

Gara da funfuna

Arewacin Ostireliya na da wata ƙatuwar gara da kan cinye katakon gida cikin ƙanƙanen lokaci. Ƙarfe ko katakon da aka yi wa magani ya fi. Hular ƙarfe da ake sa wa kan ginshiƙi ba ta hana gara hawa, tilasta mata take yi ta gina hanyarta a fili inda za a gan ta. Idan daɓen kankare ne, a bar santimita 7.5 na gefensa a bayyane. Masu gida kan ɓata wannan da kansu, su tara ƙasar fulawa a jikin bango. A kira mai duba gara aƙalla sau ɗaya a shekara.

Idan ana son na'urar sanyaya ɗaki, a ware mata ɗaki ɗaya ko biyu, a toshe su sosai, a sa abin tare zafi a bango da silin da daɓe. Ledar tare laima a bayan bango take zama, ɓangaren waje, akasin yadda ake yi a Melbourne, domin a nan laimar daga waje take. Idan aka juya ta, iska mai laima za ta shiga bango ta tarar da sanyi ta zama raɓa, bayan damina ɗaya funfuna ta ɓullo a bayan kabad. A tsayar da na'urar a digiri 26 ko 27 tare da fanka, kuma a bar tazarar yatsu huɗu tsakanin kabad da bango.