Yadda ake ɗaukar hoton shadda a salula launinta ya fito daidai

Rigimar da ta fi yawa tsakanin masu sayar da shadda ta WhatsApp a nan Yamai da masu saye ita ce "Hajiya, ba wannan kalar na gani a hoto ba." Mai kaya ta rantse ba ta sauya ba, kuma gaskiyarta, haske ne ya sauya. Hasken rana da muke gani fari haɗin launuka ne, su ne bakan gizo ke warewa, kuma tun wajen 1666 masanin kimiyya Isaac Newton ya raba su da gilashi mai kusurwa uku. Idan hasken ya sauka a kan yadi, rinin jikinsa ya shanye wasu launuka ya mayar da sauran, abin da ya dawo ido shi ne launin yadin. Jar shadda ja take mayarwa, rinin baba kuwa yana shanye ja da ruwan goro ya bar shuɗi. Ke nan yadi ba ya mayar da launin da hasken bai zo da shi ba.

Da farko ki fitar da kayan daga shago. Ampul ɗin LED mai araha jan cikin haskensa kaɗan ne, sai jar shadda ta fito kamar ta kwana biyu a rana. Tsohon ampul mai zafi kuma rawaya ta fi yawa a cikinsa, ma'auninsa wajen Kelbin 2700 (awon launin haske ke nan, in adadin ya yi ƙasa hasken ya fi rawaya), alhali ranar tsaka wajen 5500 take, shi ya sa farar shadda ke komawa ruwan madara. Ki nemi bakin ƙofa ko baranda, inda haske ke shiga sosai amma rana ba ta dukan kayan, tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari ni ba na ɗaukar hoto sam, gara ciniki ya jira gobe.

Na biyu, ki dubi abin da ke kewaye da yadin, domin shi ma yana mayar da haske. Katangar jar ƙasa tana watsa ja a kan farin yadi, shuɗin tamfol na rumfar kasuwa yana tace hasken ya rina komai, har tsanwan mayafin da ke jikinki yana taɓa hoton in kin sunkuya kusa. Ki shimfiɗa farin zanen gado, ki ajiye tabarmar roba mai kala-kala gefe.

Na uku shi ne ƙyalli, kuma nan sababbin shiga ke faɗuwa. Haske iri biyu ne ke dawowa daga shadda. Akwai wanda ya kutsa cikin zare ya gamu da rini ya fito ta kowace fuska, shi ke ɗauke da launi. Akwai wanda ya daki saman yadin ya tashi nan take bai taɓa rini ba, ya fito da launin fitilar da ta aiko shi, wato fari. Mabuga sun daka shaddar ta yi santsi, don haka wannan na biyu ba ya warwatsuwa, hanya ɗaya yake bi: karkatar da ya sauka da ita, da ita yake tashi ta ɗaya gefen. Ki tsaya a gadar Kennedy da yamma ki dubi kogin Isa ta ɓangaren faɗuwar rana, ruwan fari fat yana kashe ido; ki juya baya ki ga ainihin launinsa. Haka shadda take.

To, kuskuren a nan yake: a shimfiɗa yadi, ƙofa na gabansa, mai hoto na bayansa tana fuskantar ƙofar. Ta tsaya daidai hanyar ƙyallin, sai baƙar shadda ta fito ruwan toka, shuɗi mai duhu ya dushe. Ki zagaya har hasken ya koma hagunki ko damanki. Sannan ki riƙa karkata salular a hankali kina kallon fuskarta, za ki ga farin tabon yana zamewa zuwa gefe har ya fita, launi da zanen saƙar su bayyana. Nan za ki danna. Fitilar salula kuwa ki kashe ta, don tana manne da idon kyamara, haskenta ya daki yadi ya dawo kai tsaye inda ya fito. Ledar da aka naɗe kayan ita ma a cire, ta fi shaddar kanta ƙyalli.

Kada dai ki kashe ƙyallin gaba ɗaya, ai shi ake biya wa kuɗi. Ki tattare gefe ɗaya ya yi ninki biyu ko uku, bakin ninkin ya kama haske, tsakiyar yadin ta nuna launi. Akwai gilashin rage ƙyalli da ake maƙala wa kyamara, amma a ganina ɓarnar kuɗi ne, siririn farin mayafi da aka rataya a ƙofa ya isa ya tausasa hasken. In gefe ɗaya ya yi duhu, jingina farin kwali a can ya mayar da haske.

Sauran ba wuya. Ki goge idon kyamara, ki ajiye farar takarda a bakin yadin: in ta fito fara a hoto, launin ya yi, in ta yi rawaya ko shuɗi, sauya wuri. Ban da gyaran kala bayan an ɗauka. Ki tura hoton a matsayin fayil, don WhatsApp yana matse hotuna. Salular mai saye kuma da ɗigon ja da tsanwa da shuɗi take haɗa nata hasken, kowace da yadda aka saita ta, saboda haka ki bar takardar a cikin hoton da za ki tura, ita ma ta auna da idonta.