Yadda ake duba injin tabain na gas a tashar wutar lantarki

Injin tabain yana zuƙar iska, kwamfuresa ta matse ta, a gauraya ta da gas a ƙona, sannan wutar ta bugi farfelun da ke juya janareta. Manyan injuna suna juyi 3,000 a minti ɗaya, ko 3,600 a ƙasashe irin su Amurka, kuma zafin da ke isa farfelun gaba ya kan haura digiri 1,200. Ƙarfe ba zai jure wannan ba in ba don iskar da ke bi ta ƙananan ramukan jikin farfela tana sanyaya ta ba, da kuma rufin tangaram da aka yi mata. Wani muhimmin ɓangare na aikin dubawa a kan waɗannan biyu yake.

Mataki na farko ana yin sa ne injin yana kan aiki, kafin kowa ya ɗauki sifana. Buɗe rajistar watannin baya ka bi lambobi: girgizar boris, zafin mai, ƙarfin wutar da injin ke bayarwa, da yadda matatar iska ke toshewa. Wanda na fi ba muhimmanci shi ne zafin hayaƙi. A bayan injin akwai na'urorin auna zafi da aka jera a da'ira, kuma in komai lafiya lambobinsu kan yi kusa da juna. Idan wani ɓangare ya fara ware kansa, ko dai nozul, wato bakin da ke fesa gas, ya toshe ko wata tukunyar ƙona gas ta tsage. Sai dai hayaƙin yana murɗawa kafin ya fita, don haka inda na'ura ta nuna ba lallai nan tukunyar take ba. Akwai jadawalin kamfani da ke mayar da kai ga ainihin wurin.

A nan ne kuma za a ƙirga sa'o'in aiki da yawan tayarwa. A tsarin da aka daɗe ana bi a manyan injuna da yawa, ana duba tukwanen ƙona gas bayan sa'o'i 8,000, hanyar wuta da farfelunta bayan 24,000, sannan babban gyara bayan 48,000. Amma ba agogon bango ake bi ba. Injin da ke shan dizal, ko ake tura shi iyakar ƙarfinsa, sa'arsa ɗaya ta fi ɗaya a lissafi. Mutuwar injin farat ɗaya yana ɗauke da cikakken lodi kuwa, ana lissafa ta a matsayin tayarwa da dama, saboda ƙarfen da ya yi jajir ya sha sanyi ba shiri.

Na biyu, a sauke lodi a hankali a kashe, sannan a bar ƙaramin injin juyawa ya riƙa mirgina sandar tsakiya har ta huce, abin da kan ci kwana ɗaya zuwa biyu. Masu gaggawa a nan suke tafka asara. Zafi yana taruwa ne ta sama, to sandar da aka bari a tsaye sai ta lanƙwashe, ranar tayarwa kuma farfelu su goge bango.

Na uku, kulle. A rufe bawul ɗin gas, a fitar da ragowar da ke cikin bututu, a yanke lantarki, kowane ma'aikaci ya rataya kwaɗonsa ya sa makulli a aljihu. Kada a manta da na'urar kashe gobara: a injuna da yawa iskar kabon take fesawa, wadda za ta shaƙe duk wanda ke cikin ɗakin injin. A kulle ta kafin mutum ya sa ƙafa.

Na huɗu, a fara daga inda iska ke shiga. Duba matatu, ka nemi yagewa, tsatsa da notin da ya kwance. Shafa yatsa a farfelun kwamfuresa na gaba. In ya fito da baƙin maiƙo, lokacin wanki ya yi. Kwamfuresa ita kaɗai tana cinye kusan rabin ƙarfin da tabain ke samarwa, shi ya sa ɗan dattin da ido ke rainawa yake rage wuta ya ƙara shan gas. Ana wanke ta da tataccen ruwa marar gishiri da sabulunta na musamman, a ɗauraye, a busar. Ruwan famfo haramun ne a nan, domin gishirinsa in ya haɗu da zafi cin farfela yake yi.

Na biyar shi ne leƙen ciki, kuma nan ake gane gwani. Ana zare wasu ƙusoshi a jikin injin a zura kyamara mai siririyar igiya, wani yana juya sandar sannu sannu, farfelu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya a allo. Ka sa wa ta farko alama don kada ƙirga ta ɓace maka. Abin nema: tsaga siririya kamar gashi a gefen farfela ko gindinta, inda tangaram ya ɓare ƙarfe ya fito fili, ramin sanyaya da ya toshe, baki da ya goge, da lotsawar da ke nuna wani abu ya faɗa ciki. Sau da yawa haske kan yaudari ido, layin datti ya yi kama da tsaga, don haka karkata kyamarar ka sake kallo ta wani gefen. Duk abin da ka gani ka ɗauki hotonsa, ka auna, ka rubuta lambar farfelar. Ba kowace tsaga ce ke tsayar da inji ba. Littafin kamfanin da ya ƙera shi ya faɗi tsawon da za a iya haƙuri da shi a kowane wuri. Hoton bara ne zai gaya maka ko tana girma. Sassan da aka ciro kuma ana shafa musu jan rini, a goge, a fesa farar hoda, sai tsagar da ido bai gani ba ta fito jawur.

Kafin a rufe, ɗebi man injin a kai ɗakin gwaji a duba ruwa da ɓurɓushin ƙarfe, a gwada famfon mai na ko-ta-kwana da baturansa, domin shi ne zai ceci boris ranar da wuta ta ɗauke sandar tana gudu.

Daga nan sai ƙirgar kaya. Kowace sifana, noti da tsumma da aka shiga da su sai an ga sun fito. In ɗaya ya ɓace, ba a rufewa sai an gano shi. A cire kwaɗuna, a maido da na'urar kashe gobara, a bar injin ya hura iska ta kore duk wani ragowar gas kafin a kunna wuta. A ɗora lodi kaɗan kaɗan ana kallon girgiza da zafin hayaƙi, a rubuta sababbin lambobin a rajista, da su za a gwada na watanni masu zuwa.