Koya wa yara Sifaniyanci ta waya

Salamu alaikum iyayen yara. Masu koya wa 'yan firamare Sifaniyanci ta Zoom, don Allah ku fara da wasula. Biyar ne kamar namu, a, e, i, o, u, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake karantawa, sai dai ba a furta "h". Ɗiyata a nan Agege tun ranar farko ta karanta "mesa", wato tebur, tana ta murna. Sai kalmomin da suka aro daga Larabci: "azúcar" sukari ne, a ɗauko na kicin a nuna a kyamara. Ku gaya musu da yaren ake magana a birnin Malabo na ƙasar Equatorial Guinea, maƙwabtanmu. Darasi kada ya wuce minti 20, a yi cajin waya tun kafin a ɗauke wuta.