Shawara ga masu neman motar Voodoo a wasan GTA San Andreas

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ga ana ta tambaya kan wace motar rawa (irin wadda ke tsalle sama da ƙasa) ta fi dacewa a San Andreas, ni dai Voodoo nake so. Ƙirar Chevrolet Impala ta 1960 aka kwaikwaya, doguwa ce mai faɗi, cikinta kamar zai shafi kwalta.

Ba sai kun wahala ba, 'yan dabar Grove Street ne ke yawo da ita a unguwar Ganton. Da kun samu, ku kai ta garejin Loco Low Co. da ke Willowfield a saka mata na'urar ɗaga ƙafafu, sannan ku ajiye ta a garejin gidan CJ, jarumin wasan, kafin ku adana wasan. Ni sau ɗaya na bar tawa a bakin titi, ko da na dawo babu ita, ga kuɗin gyara sun tafi.

Wajen gasar rawa a Unity Station kuwa, kada ku zuba wa motar ido. Ku kalli da'irar nan da kibiyoyi ke shigowa, ku danna daidai lokacin da kibiya ta shiga tsakiya. Masu kwamfuta, lambobin gefen dama na allon maɓallai za ku danna, 2, 4, 6 da 8, idan kibiya ta karkace sai a haɗa biyu. Wanda kwamfutarsa ba ta da su, ya shiga saiti ya sauya maɓallan tun kafin ya je.

A tseren motoci na Cesar, abokin CJ, kuma, ku rage gudu kafin kwana, domin bayanta na saurin zamewa.