Yadda za ka binciki sunan Istifanus kafin ka raɗa wa ɗanka

Mu da muke zaune a Legas, daga Agege har Idi-Araba, an saba da an haihu sai a kira gida a waya, kaka ta ce a sa wa yaro Istifanus, shi kenan magana ta ƙare. To ba laifi, amma gara ka san abin da ka ɗora wa yaron.

Ka fara da asalin kalmar. Sunan Helenanci ne, wato yaren Girka da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, su suna cewa Stefanos. Mutane sukan ce ma'anarsa kambi, sai mu kuma mu ɗauka rawanin sarauta ne, a'a, ganye ne ake saƙawa a ɗora a kan wanda ya ci tseren gudu ko kokawa, irin wanda Bulus yake nufi a 1 Korintiyawa 9:25 inda ya ce nasu kambin mai lalacewa ne. Kuma da wannan kalmar dai Matiyu 27:29 ya kira kambin ƙaya da sojoji suka sa wa Yesu, ka ga ba daɗi zalla ke cikinta ba.

Daga nan ka ɗauko Littafi Mai Tsarki ka karanta Ayyukan Manzanni sura 6 da 7 gaba ɗaya, kar ka tsaya a aya ɗaya don Allah. Rigimar abinci ce ma ta fito da Istifanus na cikin Littafin, Yahudawa masu bin Yesu masu jin Helenanci a Urushalima suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon yau da kullum, sai aka zaɓi mutum 7 su riƙe aikin, kuma dukansu sunan Helenanci gare su, har da Filibus, wanda nasa sunan ke nufin mai son dawakai (a Legas kam sai dai mai son danfo). Istifanus aka fara ambata. Ƙarshensa jifa aka yi masa da duwatsu har ya mutu yana roƙa wa masu jifan gafara, Shawulu (wato Bulus ɗin nan kafin ya tuba) na tsaye ana ajiye riguna a gabansa. Katolika da Angilikan suna tunawa da shi ran 26 ga Disamba.

In ka karanta hankalinka ya kwanta, sai ka gaya wa fasto tun kafin ranar suna.

Saura rubutu, nan ne ake shan wahala. Ku zauna da maman yaro ku tsayar da guda ɗaya, Istifanus ko Istifanas ko Stephen, ka rubuta a takarda da hannunka ka miƙa wa mai cika takardar haihuwa, don in ka faɗa da baki a garin nan zai rubuta abin da kunnensa ya ji ne kawai. Abin da ya shiga takardar haihuwa shi za ka maimaita a makaranta da NIN harafi da harafi, in ba haka ba ranar rajistar JAMB kai da zaryar kotu neman takardar rantsuwa.