Yadda ake shirya wa 'yan mazan jiya ziyarar yini ɗaya zuwa Washington

A Amurka akwai ƙungiyoyin sa-kai da ke ɗaukar tsofaffin sojoji a jirgin sama kyauta, su kai su Washington su ga wuraren da aka gina don tunawa da yaƙoƙin da suka yi, sannan su mayar da su gida, galibi a yini guda. Sunan tsarin Honor Flight. An soma shi a watan Mayun 2005, bayan Earl Morse, ma'aikacin lafiya kuma tsohon kyaftin na sojan sama a garin Springfield na jihar Ohio, ya lura cewa dattawan da yake dubawa, waɗanda suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, ba su da halin zuwa ganin dandalin da aka buɗe dominsu a 2004. Ƙananan jirage 6 ne suka ɗauki dattawa 12 a tafiyar farko. Daga baya Jeff Miller na jihar North Carolina ya kawo dabarar ɗaukar shatar babban jirgi.

Duk mai shirya irin wannan tafiya ya san cewa amanar dattijo ɗan shekara 80 ko 90 ya ɗauka, tun daga asuba har cikin dare. Ana yin wannan ɗawainiya ne domin mutumin ya isa gaban bangon tunawa da mamatan yaƙi da aka rubuta sunan abokinsa yana da sauran ƙarfi, kuma ba mai ce masa ya hanzarta.

Wa za a fara ɗauka

Ana fara da waɗanda suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da kuma duk wanda likita ya ce cutarsa ta ajali ce, ko wane yaƙi ya yi. Sai na Koriya, sai na Vietnam, waɗanda a yau su ne suka fi yawa a jirgi. Fom ɗin neman tafiya ya ƙunshi shekarun aiki, rundunar da mutum ya zauna, cututtukansa, magungunansa, da lambar ɗan'uwan da za a kira. Takardar sallama daga soja, wadda ake kira DD-214, ita ce shaida. Amma kada a kori dattijo don ba shi da ita: gobarar da ta tashi a ma'ajiyar takardun soja ta St. Louis a 1973 ta cinye miliyoyin fayiloli, har da mafi yawan na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960.

Sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na katin shaida, harafi da harafi. Tun daga 7 ga Mayun 2025 ana neman, kafin a hau jirgi, kati mai tambarin REAL ID (alamar cewa lasisin tuƙi ko katin shaida ya cika ƙa'idar gwamnatin tarayya) ko fasfo ko wata shaidar da gwamnatin tarayya ta amince da ita, kuma dattijon da ya daina tuƙi sau da yawa lasisinsa ya daɗe da mutuwa. A duba wannan wata biyu kafin tafiya.

Ɗan rakiya

Tsohon soja ba ya biyan ko sisi, ɗan rakiya kuwa shi ke biyan kuɗinsa. Wanda ba ya iya tafiya a ba shi ɗan rakiya ɗaya shi kaɗai. Masu ƙarfi biyu ko uku za su iya haɗa mutum guda. Rassan Honor Flight da yawa ba sa yarda mata ta raka mijinta, kuma suna da hujja: ita ma tsohuwa ce, sai a wayi gari ana jinyar mutum biyu. Ɗa ko jika mai ƙarfin tura keke yini guda ya fi.

A tara 'yan rakiya a koya musu aiki da hannu kafin ranar. A danne burkin keke duka biyu kafin dattijo ya zauna ko ya tashi. A ɗage matakin ƙafa, domin a kansa ake tuntuɓe. A gangare mai tsanani a sauka da baya-baya. Wajen hawa da sauka daga bas, mutum ɗaya ya tsaya a sama, ɗaya a ƙasa, domin matakalar bas na daga wuraren da aka fi faɗuwa, musamman da yamma idan ƙafa ta yi nauyi.

Lafiya da kaya

Kowace bas ta samu nas ko likita riƙe da takardar lafiyar duk wanda ke cikinta. Magani yana tafiya a jakar hannu, kuma a ɗauki na kwana biyu ko uku ko da tafiyar ta yini ɗaya ce, saboda hadari na iya hana jirgi tashi a kwana a hanya. Mai ciwon sukari a tsara masa lokacin cin abinci, a ajiye masa ɗan abin zaƙi a aljihun ɗan rakiya.

Batun iskar oksijin shi ne wanda sababbin masu shiri suka fi yin kuskure a kai. Ba a barin fasinja ya shiga jirgi da tukunyar oksijin tasa. Abin da aka yarda da shi shi ne ƙaramar na'urar tace iska irin wadda hukumar jiragen sama ta amince da ita, da batiran da za su ɗauki ninki ɗaya da rabi na tsawon tafiyar. A sanar da kamfanin jirgi tun da wuri, a kuma yi odar tukwane su jira a cikin bas a Washington, don kada batir ya ƙare ana tsakiyar maƙabartar sojoji ta Arlington.

A tafi da keke ɗaya ga kowane dattijo, har wanda ya rantse ba ya so. Tsohon soja yana da jin kai, kuma ba a gardama da shi. A ce masa keken na ɗaukar jaka ne, a tura shi a gefensa. Kafin la'asar da kansa zai zauna. Aƙalla bas ɗaya ta kasance mai na'urar ɗaga keke. Sauran kaya: rigar ruwa, hula, bargo mara nauyi, ruwan gora, da wandon canji da za a ba mutum a asirce idan an samu larura. Dattawa da yawa suna ƙin shan ruwa don gudun fitsari, sai jiri ya kwashe su da rana. Maganin wannan shi ne a faɗa musu tun a bas inda banɗaki yake a kowane zango.

Daga Afrilu zuwa Yuni, da kuma Satumba zuwa farkon Nuwamba, su ne lokutan da suka fi dacewa. Zafin Yuli da Agusta a Washington mai gumi ne, hunturu kuma akwai santsin ƙanƙara.

Zangon ranar

A gina jadawali a kan lokacin sauya masu gadi a Kabarin Sojan da Ba a San Shi Ba, a maƙabartar Arlington, tunda shi ne abin da ba ya jiran kowa. Daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Satumba ana sauyawa duk rabin awa, sauran watanni kuma duk awa. A isa da minti 20 a hannu don jera kekuna a gaba. Wurin tudu ne, don haka a nemi izinin shigar da bas tun kafin ranar. A kashe wayoyi, domin mai gadi yana tsawata wa masu surutu a bainar jama'a.

Dandalin Yaƙin Duniya na Biyu yana da ginshiƙai 56 na jihohi da yankuna, da bango mai taurarin zinariya 4,048, kowane tauraro a madadin mamata 100. Nan ake hoton taro, kuma kowa yana son hoto a gindin ginshiƙin jiharsa. Daga nan zuwa wajen gunkin Lincoln tafkin da ke tsakani ya haura mita 600, saboda haka a koma bas. Dandalin Koriya mai mutum-mutumin sojoji 19 na ƙarfe yana gefe ɗaya, na Vietnam yana ɗaya gefen.

Bangon Vietnam shi ne inda ya kamata a bar lokaci mafi yawa, awa guda ko fiye. Sunaye sama da 58,000 ne a kan baƙin dutse, kuma ba a jera su bisa haruffa ba, an bi ranar da mutum ya faɗi. Wanda bai san haka ba sai ya ƙare lokacinsa yana laluben bango. Tun a fom a tambayi kowane dattijo sunan wanda yake son gani, a nemo lambar allo da ta layi, a rubuta a kati a ba ɗan rakiya. A ɗauki fensir da farar takarda: ana ɗora takardar a kan sunan a goga, sai haruffan su fito, mutum ya tafi da su gida. Hanyar tana gangarawa zuwa tsakiya ta sake hawa, don haka a riƙe keke da hannu biyu. Idan dattijo ya fashe da kuka, ɗan rakiya ya tsaya kusa ya yi shiru, kada ya ɗauki hoto, kada ya tambaye shi abin da ya faru. In ya so zai faɗa da kansa.

Idan lokaci ya ƙure, a rage daga zangon gunkin Iwo Jima (na tunawa da sojojin kundumbala na ruwa) ko na sojan sama. Kafin bas ta motsa daga ko'ina a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Ƙirga kai kawai yana yaudara.

Dawowa

A jirgin komawa ake raba wasiƙu, kamar yadda ake kiran sunan soja a sansani a miƙa masa saƙon gida. A fara tattara su daga iyali da 'yan makaranta makonni kafin tafiya ba tare da dattijon ya sani ba, a tabbata wanda ba shi da kowa shi ma ambulan ɗinsa cike take. A filin jirgi jama'a na taruwa da tutoci suna yi musu barka da dawowa, abin da sojojin Vietnam da yawa ba su samu ba lokacin da suka dawo daga yaƙi. A buɗe hanya mai faɗin keke a tsakiyar taron, kuma ɗan rakiya kada ya saki dattijo sai ya damƙa shi hannun wanda aka rubuta a fom, tare da maganinsa da wasiƙunsa. Ba a barin dattijo ya tuƙa mota da kansa a daren. Washegari a buga waya a ji yadda ya kwana, a tambayi kumburin ƙafa, numfashi da jiri, domin doguwar zama a jirgi da bas na iya sa jini ya daskare a ƙafa.